Doka ta Bakwai da Gatarin Manomi

Magana ga sababbin masu bi da masu neman sani a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

 Ko kai wanda aka yi wa baftisma bara ne, ko kuwa kana cikin masu koyo tukuna, ko dai takardan nan ta faɗo hannunka ne kana so ka ji abin da Kirista ke faɗi, ka zauna ka karanta ta a hankali. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ka karanta masa.

Tun ranar da ka soma koyon Dokoki Goma ka san ta bakwai, wadda ta hana sata. Sa'ad da katekis ya tambaye ka ma'anarta, ka amsa daidai: a bar akuyar maƙwabci, a bar damin hatsinsa, kada a tauye mudu a kasuwa, kada a ci iyakar gona. Dukan wannan gaskiya ne. Amma akwai wata sata wadda ba da dare ake yin ta ba, ba a kuwa kai mai yin ta gaban alƙali, mai unguwa ma ba ya aika a kira shi. Da rana tsaka ake yin ta, da gatari a kafaɗa, mutane suna wucewa suna yi wa mai ita sannu da aiki. A kan wannan sata muke so mu yi magana da kai.

Abin da idonka ya gani

Ka bi hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta iso Dutsin-Ma, kana duban dama da hagu. Sa'an nan ka nemi wani tsoho a Birchi, ko Rawayau, ko Karofi, ka gaishe shi, ka ce, Baba, yaya gonakin nan suke sa'ad da kake yaro? Zai lasafta maka ɗorawa da kaɗanya da kanya da marke da ƙirya waɗanda suka tsaya a wuraren da yau babu ko inuwar da akuya za ta fake. Zai nuna maka kwazazzabo a inda dā turbar jakuna ce. Matar gidansa kuma za ta gaya maka cewa tana yarinya a bayan gida take tsintar itacen tuwo, jikarta kuwa sai ta yi rabin yini a jeji, ko a sayo da kuɗi.

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Kakanninmu sun sha yunwar da aka kira Kakalaba a 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sa'ad da shanu suka mutu a kan hanya, mutane suka bar garuruwansu. Bayan waɗannan shekaru ruwa ya komo, mun gode wa Allah. Amma duk manomi ya san ya komo da wani hali dabam. A yi ruwan shuka, a shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke kwana ashirin, a sake neman iri. Sa'an nan dare ɗaya a zubo ruwan da ya kamata a raba shi bisa wata guda, ya kwashe taki, ya kwashe ƙasar kanta, ya rushe soro a kan masu barci. Hakanan ya faru a Jibiya cikin watan Yuli na 2018, inda ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 40.

Masana sun bincika wannan al'amari, ga kuwa abin da suka tarar. Tun da aka soma manyan masana'antu a Ingila, shekara ɗari biyu da wani abu ke nan, mutane suna ƙona kwal da man fetur da gas ba fasawa. Hayaƙin nan yana da wata iska a cikinsa wadda ido ba ya gani, ana ce da ita iskar kabon. Tana taruwa a sama, tana rufe duniya kamar bargo: hasken rana ya shigo, zafin kuwa ya rasa ƙofar fita duka. Dā, cikin mudu miliyan ɗaya na iskar sama, wajen mudu 280 ne na wannan iska. Yau ya wuce 420. Saboda haka zafin duniya ya ƙaru da digiri ɗaya da 'yan kai, shekarar 2024 kuma ta fi dukan shekarun da aka auna kafin ita zafi. Kada ka rena digiri ɗaya. Uwa ta san bambancin da ke tsakanin goshin yaro mai lafiya da goshin mai zazzaɓi, bambancin nan kuwa bai fi digiri ɗaya ko biyu ba. Iska mai zafi tana saurin shanye laimar gona, tana kuma ɗaukar ruwa da yawa a cikinta, har in ta sake shi sai ya zo da ƙarfi. Waɗanda suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama tun 1982 sun iske cewa manyan hadura masu ɓarna a ƙasashen bakin hamada sun ninka uku.

Abin da Ikilisiya ke koyarwa

Watakila za ka ce, wannan zancen malaman jami'a ne, a kai shi Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ina ruwan mai neman ceton ransa da shi? Ka ji amsa.

Littafin Farawa ya nuna mana cewa tun kafin zunubi ya shigo duniya Allah ya riga ya ba mutum aiki a cikin gona, aikin kuwa kashi biyu ne: noma da tsaro. Mu manoma mun riƙe na farko da hannu biyu, na biyun ne muka saki. A cikin Littafin Firistoci an umarci Isra'ila su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, aka kuma hana su sayar da ita har abada, gama ta Allah ce, su baƙi ne a kanta. A cikin Maimaitawar Shari'a har mayaƙan da suka kewaye birnin abokan gaba an hana su sare itatuwa masu ba da 'ya'ya. Ka duba fa: abin da aka hana soja ya yi wa ƙasar maƙiyinsa, shi ne muke yi wa gonar ubanmu.

Ikilisiya ba ta manta da wannan ba. Faransis mai tsarki na Asisi, wanda ya rasu a 1226, ya ɗauki dukan halitta 'yan'uwansa domin Uba ɗaya ya yi su, a 1979 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa shi ya zama majiɓincin masu kula da halitta. Shi wannan Paparoma, wanda ya taka ƙasar Kaduna a 1982, ya aika wa duniya saƙo ran 1 ga Janairu 1990 cewa lalacewar ƙasa magana ce ta halin kirki da ta lamiri. Sa'an nan ran 24 ga Mayu 2015 Paparoma Faransis ya sa hannu a kan doguwar wasiƙa mai suna Laudato Si', wadda ya rubuta ga dukan mutanen duniya, Kirista da wanda ba Kirista ba, a kan kula da wannan gida da muke ciki gaba ɗaya. Da ya ga shekara takwas sun wuce manyan ƙasashe suna jan ƙafa, ya ƙara wata, Laudate Deum, ran 4 ga Oktoba 2023. Kwana 12 bayan wannan, ran 16 ga Oktoba, shi ne ya yanke mana Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, ya ba mu Bishop Gerald Mamman Musa, wanda aka keɓe a Disamba na shekaran nan. Hannun da ya rubuta wasiƙun nan shi ne ya kafa mana gida, don haka kada mu ce maganarsa ta mutanen nesa ce. Ya rasu ran 21 ga Afrilu 2025. Magajinsa, Paparoma Leo na 14, ya miƙa sabuwar Misa ta kula da halitta ran 9 ga Yuli na shekaran nan.

Amma abin da muka fi so ka riƙe shi ne wannan. A cikin babban Katekism na Ikilisiya Katolika, wanda aka fitar a 1992, an yi magana a kan dabbobi da tsire-tsire da albarkar ƙasa. A ƙarƙashin wace doka aka sa ta? A ƙarƙashin doka ta bakwai.

Don me? Domin sata ita ce ɗaukar abin wani ba da yardarsa ba. To, ƙasa ta wane ne? Gonarka taka ce, ko ka gāje ta ko ka saya, Ikilisiya ba ta musun wannan, tana ma tsare maka hakkinka a kanta. Amma ka tuna da yadda gandu yake. Mai gida shi ke da iko da gandu, shi ke cewa a shuka gero a nan, dawa a can, shi ke riƙe da mabuɗin rumbu. Duk da haka in ya fasa rumbun iri ya sayar domin ya ƙara aure, dukan gari zai ce ya ci amana, gama gandun na matan gidan ne, da ƙannensa, da 'ya'yansa, har da jaririn da ke ciki. Hakanan duniya take a gaban Allah. Gandu ce guda, ya ba da ita ga dukan 'yan Adam, na yau da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Kai mai gida ne a kan ɗan yankin da ke hannunka, za a kuwa tambaye ka.

Bari mu bi sawun gatari ɗaya mu ga wa aka yi wa sata. Mutum ya sare itatuwan da ke bakin rafi a gonarsa, ya sayar wa masu gawayi. Saiwar da ke riƙe gaɓa ta mutu. Damina ta zo, ruwa ya tsaga ƙasa, kwazazzabo ya soma a gonarsa ya ƙare a gonar maƙwabcinsa na gangare, wanda bai ci ko anini daga kuɗin gawayin ba. Ga mutum ɗaya. Yashin da ruwa ya kwasa ya bi rafi ya faɗa kogin Karaɗuwa, ya je ya kwanta a gindin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a 1983 da dukiyar jama'a. Kowane kwandon yashi da ya kwanta a can ya ci wurin kwandon ruwa, ruwan masunta da masu lambu da masu sha. Ga mutane da yawa. Matan unguwa da suka saba tsintar busassun rassa da ɗiban ganyen miya a wurin sun ƙara nisan tafiya, a zamanin da nisa da gari ya zama abin tsoro. Makiyayi ya zo da rani bai sami ganye ba, ya tura shanu cikin lambun wani, aka zare sanduna. Daga ƙarshe ga jikan mai gatarin, wanda zai gāji fako a maimakon gona. Shi wannan ba shi da bakin kai ƙara, gama ba a haife shi ba. Allah ne mai tsaya masa.

Tsamiya da iskoki

Akwai wata magana da ta shafe ku musamman, ku da kuka fito daga gidajen Maguzawa. Dā akwai tsamiya ko kuka a bayan gari wadda ba mai kusantar ta da gatari, domin an ce iskoki suna zaune a cikinta. A gindinta ake yanka kaza, ana zuba jini. Yanzu ka ba da gaskiya ga Yesu Kristi, tsoron nan ya fita daga zuciyarka, madalla. Sai Shaiɗan ya zo ta wata ƙofa, ya ce maka, tun da ba kome a cikinta, sare ta ka nuna bangaskiyarka, ga kuma kuɗin itace.

Ba za mu ɓoye ba, a wurare da yawa masu wa'azi na dā sun yi murna da faɗuwar irin waɗannan itatuwa, suna ganin nasara ce. Niyyarsu ta kawar da tsafi daidai ce, amma itacen bai yi laifin kome ba. Tsamiya ba ta roƙi kowa jinin kaza ba. Allah ya halitta ta, ya kuma ga tana da kyau, tun ba a yi mai tsafi na farko ba. Ka bar yanka a gindinta, ka bar rantsuwa da ita, ka kuma bar ta a tsaye. Ka shimfiɗa tabarma a inuwarta ka koya wa yara addu'a, matarka ta ɗebi 'ya'yanta ta dama kunu. Abin kunya ne ƙwarai a ce tsoron iskoki ya tsare itace shekara ɗari, ƙaunar Allah kuwa ta kasa tsare shi shekara ɗaya.

Gardamar zuciya

Mun san abin da zuciyarka ke faɗi, gama mun ji shi a bakin mutane da yawa.

Tana cewa, ruwa na Allah ne, in ya ga dama ya ba da, in ya ga dama ya hana, mene ne nawa a ciki? Lalle ruwa na Allah ne. Lafiya ma ta Allah ce, amma ba ka barin ɗanka ya sha ruwan kududdufi. Sa'ad da Allah ya nuna wa Fir'auna shekarun yunwa bakwai da ke zuwa, Yusufu bai naɗe hannu ba. Ya gina rumbuna, ya tara hatsi cikin shekarun ƙoshi, ta haka aka ceci Masar da gidan ubansa. Hankalin da masana suka auna sama da shi, wa ya ba su? Wanda aka yi masa gargaɗi ya ƙi shiri, sa'an nan ya ce ƙaddara ce, ya ɗora wa Allah laifin ragwancinsa.

Tana kuma cewa, ba mu muka jawo wannan zafi ba. Wannan gaskiya ce, ba za mu rage mata kome ba. Dukan Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga kwal da mai. Manomin Kurfi wanda ba shi da ko babur yana shan wahalar hayaƙin da wasu suka yi arziki da shi a Turai da Amurka da Sin. Paparoma Faransis bai ji nauyin faɗin wannan ba: ya ce akwai bashi a wuyan ƙasashe masu arziki, bashin ɓarnar da suka yi wa ƙasa, kuma matalauta ne suke bin su. A Paris cikin Disamba 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawarin rage hayaƙi, cikawar kuwa tana tafiyar hawainiya. Doka ta bakwai tana kansu fiye da yadda take kanka, za su kuma amsa. Amma ka rarrabe abu biyu. Hayaƙin nesa shi ya sa ruwa yake zuwa da fushi. Ko ruwan nan zai tarar da gona mai saiwa da ciyawa ta shanye shi, ko zai tarar da fako ya kwashe, wannan a hannunka yake. In ɓarawo ya fasa maka katanga, ba za ka cire ƙofar ɗakinka ka ba shi gudummawa ba.

Magana ta uku ta fi wuya, ba ma so mu yi mata gaggawa. Mutum ya ce, ɗana yana kwance a asibiti, rumbu ya ƙare tun watan Yuni, gonata ta jeji ban noma ta ba shekara biyu saboda 'yan bindiga, ga mai gawayi ya yi mini tayin ɗorawar nan. In sayar ko in bar yaro ya mutu? Ɗan'uwa, ran yaro ya fi ɗorawa. Ikilisiya ba ta taɓa sa itace gaba da mutum ba, tana kuma koyar da cewa matsananciyar larura tana rage nauyin laifi, wani lokaci ta ɗauke shi duka. Wanda ya sare domin ya ceci rai, kada ya tafi da nauyi a zuciya. Nauyin yana kan wasu: yana kan mai mota wanda ya san lokacin da talaka ke cikin ƙunci ya zo ya saye itacen shekara sittin da kuɗin buhu guda, yana kuma kan jama'ar masu bi waɗanda suka ga ɗan'uwansu ya kai ga wannan hali ba su tara masa kome ba. In da baikon Lahadi ɗaya zai tsai da gatarin nan, don me ba a yi ba? Amma kowa ya bincika kansa da gaskiya. Larura dabam, kwaɗayi dabam. Da yawa daga cikin itatuwan da suka faɗi a ƙasan nan ba asibiti suka biya ba, biki suka yi.

Abin da aka yi a Maraɗi

Kada ka ce ƙasar da ta mutu ba ta tashi. Ka ƙetare iyaka ta Jibiya ka shiga ƙasar Maraɗi, wurin Katsinawa 'yan'uwanmu, inda ruwa bai kai namu ba. A shekarun fari gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An kashe kuɗi mai yawa a kan dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya tsaya a bakin hanya ya lura da 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara. Ashe ba ciyawa ba ce. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun dā, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, tana neman a ba ta dama kawai. Ya soma roƙon manoma su bar waɗansu. Da farko dariya aka yi masa, gama a wurinsu gona mai tsabta ita ce wadda ba kome a cikinta. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada. Suka kira abin sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu aune-aune suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar.

Mutumin nan ba ɗan Katolika ba ne, manoman da suka yi aikin kuwa kusan dukansu Musulmi ne. Mun faɗi wannan da gangan, domin kada girman kai ya hana ka koyo. Ku 'yan kaɗan ne a ƙasar 'Yandaka da ta Maraɗin Katsina, a tsakiyar maƙwabta Musulmi masu yawa, su ma kuwa sun san kalmar amana sarai. A kan wannan aiki ba ku da abin jayayya da su.

Ga yadda ake yi. In bazara ta yi ka fita sassabe, kada ka bi gona da wuta. Ka zaga ka nemi kututturan da suka yi toho: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, marke, duk abin da ka tarar. A kowane kututture ka zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa har rabin tsawonsu. Ka ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka komo ka sake datsewa. Abin da ka datse na murhu ne da na awaki. Saiwar tsohuwa ce mai zurfi, don haka tsiron yana saurin girma fiye da dashe, ba ya kuwa bukatar ban ruwa.

Gawo ka fi lallaɓawa. Dukan itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da nasa, ya bar wa gero rana, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, sai ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya da inuwa, su kuma su bar kashinsu a gindinsa. Kowane manomi ya san yadda zangarniyar gindin gawo take.

Mutum ɗaya ba ya iya tsare itace shi kaɗai, gama in ya bari wani zai sare da dare. A Maraɗi ma aikin bai kama ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne. Saboda haka ku je wurin mai unguwa da dagaci tare da maƙwabtanku, a yi magana ɗaya. Ku kira Fulanin da ke zaune kusa da ku cikin shawarar. Mun san jinin da aka zubar a yammacin ƙasan nan, wajen dajin Rugu, mun san akwai gidajen masu bi da suka yi makoki. Mai laifi yana da laifinsa, zafin rana ba ya wanke shi. Amma Kirista ba ya ɗora laifin ɗan fashi a kan dukan kabila, ba ya kuma nome burtali ya toshe wa shanu hanyar ruwa, gama wannan ma cin iyaka ne.

Ke kuma 'yar'uwa, murhun duwatsu uku yana cin itace da yawa, hayaƙinsa yana cin idonki da ƙirjin goyonki. Murhun laka mai kewaye wuta yana rage itacen ƙwarai, hannunki kuwa ya iya ginin da ya fi wannan wuya. Ledar da aka yar a bola tunkiya ce ke haɗiye ta ta mutu. Ku samari masu cinna wa jeji wuta saboda gafiya ɗaya, da masu zuba guba a ruwa domin kifi, da masu wanke tulun feshi a rafin da ake sha, ku sani waɗannan abubuwa ne da ake faɗa wa Fada a wurin furta zunubi, kamar yadda ake faɗin satar akuya. Doka ta bakwai kuma ba ta gamsuwa da tuba ta baki, sai an mayar da abin da aka ɗauka. Wanda ya sare ba bisa larura ba, ya rena waɗansu a madadinsu.

Tun 2015 Ikilisiya ta keɓe ran 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin halitta. Ku kiyaye ta a majami'unku na Dutsin-Ma da ƙauyuka. Sai dai a ƙasarmu Satumba ta yi latti ga dashe. Mai son dasa mangwaro ko darbejiya ko zogale, ya sa su a ƙasa cikin Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna. Aikin Satumba shi ne shinge: bayan Misa ku fita da ƙaya da kara ku kewaye kowane dashe da kowane toho, tun ba a gama girbi an saki awaki ba.